Jirgin da Ya Ƙetare Bahar Maliya da Gwaggo

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, ina cikin malaman da aka ce su tattara su koma gida. Aikin katako nake koyarwa, sai aka turo ni wata makarantar sakandare a Jega. Ɗakin aikin da na tarar ba komai ciki sai benci biyu da wani zarto da rabin haƙoransa suka zube. Ban damu ba, don ina da akwatin kayan aikina, kuma na matso kusa da Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, tana zaune a Aliero gidan babban ɗanta. A lokacin ta haura saba'in. Tun tana amarya ta bi mijinta zuwa Makka a ƙasa, suna tafiya suna yada zango suna aikin ƙwadago, sai da suka shekara bakwai kafin su dawo. Duk dangi sun san da wannan, amma labarin ya daɗe a gidan har ba mai tambayarsa.

Wata Asabar lokacin cirar albasa na je gaishe ta. Na same ta tsakar gida da surukarta da wasu maƙwabta, suna yanke lawashi, ana hirar wani da ya samu kujerar Makka zai tashi ta Sakkwato.

"Ku dai kun huta," in ji Gwaggo. "Mu da munka kai Sawakin, bakin Bahar Maliya, jirgin da munka shiga ko injin niƙa babu cikinai. Ƙyalle anka ɗaura mashi, iska ta tura."

"Ƙyalle, Inna?" in ji surukarta. "Ƙyalle irin na zane?"

"Ya hi zanen duk matan unguwag ga in an haɗa."

Aka yi dariya. Gwaggo ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki wuƙar albasa ta fara zanawa. Ta ja layi, ta goge, ta sake ja. Hannun ya ƙi ba ta abin da take gani a ranta. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Sambuku aka ce mashi. Ba ni iya gwada maku shi." Na taɓa ganin hoton irin waɗannan jiragen cikin wani littafi a kwalejin horon malamai, amma ban taɓa kawo wa raina cewa tsohuwar da ke dama mini fura ta kwana cikin ɗaya ba. Kafin in yi tunani baki ya riga ni.

"Gwaggo, zan sassaƙa miki shi. Ƙarami, wanda za ki riƙe a hannu."

"Kai ɗin? Kai da ko kwale-kwale sai an riƙe maka hannu?"

Na koma Jega na samu guntun icen malaina, na yi mako biyu ina rarake shi da kurfi bayan an tashi makaranta. Na goge shi sumul, na kafa masa tsinke a tsakiya, na ɗaura farin ƙyalle. Na kai mata ina ji da kaina. Ta karɓa ta juya shi, ta leƙa ciki, ta ƙwanƙwasa gindin.

"Madalla. Awakina sun samu komin shan ruwa."

Da dariyarta ta lafa sai ta yi mini bayani. Ta ce jirgin ba icce guda ba ne. Yana da ƙashin baya da haƙarƙari kamar saniyar da aka feɗe, a kansu aka jera katako ɗaya bayan ɗaya. Gabansa dogo ne mai tsini kamar bakin zalɓe, bayansa kuma a yanke yake, ya ɗaga sama. Tsawo da faɗi kuwa ta ce kada in tambaye ta, ita kwance ta yi tafiyar, amai bai bar ta ta ɗaga kai ba.

"Tahi Karaye wurin ƙanen mijina. Shi munka tahi da shi yana saurayi, shi ad da rawar kai, kullum yana cikin matuƙa yana jan igiya. In bai ruɗe ba ya hwaɗa maka."

Asabar ta gaba na shiga mota zuwa Maiyama, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Na sami Baba, haka nake kiransa, a gindin tsamiya ya ɗaura zaren rama a babban ɗan yatsan ƙafa yana tufka. Dogon tsoho ne siriri, ba ya jin magana sosai sai an ɗaga murya. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya saki igiyar ya dube ni.

"Wa ya aiko ka? Amaryata?"

"Ita ce, Baba."

"Tana nan da tsiwarta?"

"Sai abin da ya ƙaru."

Ya yi dariya har da tari. Ya miƙe ya ja ni zuwa wata gona da ba a riga an yi shuka ba. Ya kafa sandarsa a ƙasa, ya ce nan ne hancin jirgi, ya fara takawa yana ƙirga a fili. Ya tsaya a taki talatin da shida. Ya dubi baya, ya ce haka ne, don kullum da safe sai ya kai wa mai tuƙi ruwa daga gaba zuwa baya. Faɗi ya ce taki tara. Da na tambayi tsawon ginshiƙin da ake rataya ƙyallen, ya nuna wata giginya ya ce ya kai wuyanta. Na gwada inuwar giginyar da inuwar sandarsa na fitar da tsawon, shi kuwa yana tsaye yana kallona kamar mai duba.

A nan gonar na yanke yadda zan rage shi: kowane taki ɗaya na Baba zai zama faɗin babban yatsana. Jirgin zai kusa kamu biyu ke nan. Na zauna kan kunya da takarda da fensir, yana faɗa ina zanawa, in na karkace ya sa yatsa ya gyara. Ashe shekara hamsin da wani abu jirgin nan yana cikin kansa da igiyoyinsa duka, ba wanda ya taɓa cewa ya sauke. Ya ce haƙarƙarin ba yanka su aka yi su lanƙwasa ba, rassa ne da Allah ya halitta a karkace aka zaɓo. Ya ce ana cusa auduga tsakanin katako, a shafe da man kifi mai wari. Sannan ya ce ginshiƙai biyu ne, babba a tsakiya ya ɗan sunkuya gaba, ƙarami a baya.

Da na kai wa Gwaggo zanen, nan ta tsaya.

"Guda na. Ginshiƙi guda."

"Baba ya ce biyu."

"Ka hwaɗa mashi tsuhwa ya kama shi. Ni da idona nig gani."

Na kai saƙo Karaye. Baba ya ce in tambaye ta da wane idon, na rufe ko na amai. Na kawo mata, ta ce in gaya masa wanda ya faɗa cikin buhun gawayi ranar da igiyar ruwa ta bugi jirgi ba shi da bakin ba da shaida. Haka na zama ɗan aike tsakanin tsofaffi biyu da rabonsu da ganin juna tun rasuwar mijin Gwaggo, shekara tara. Kowanne in na iso, kafin mu gama gaisawa zai ce, "To, mi tac ce?" ko "Mi yac ce?"

Aikin kansa a zauren gidan da nake haya a Jega na yi shi. Ƙashin bayan na fitar daga wani tsohon ƙyauren maɗaci da aka jingine a gidanmu. Haƙarƙari kuwa sai da na yi yammaci huɗu ina yawo bakin gulbi ina duban rassan magarya da na geza, ina gwada su da kwalin da na yanka, har wani mai ban ruwa ya tambaye ni ko maganin wani ciwo nake nema. Ashirin da biyu nake so, na tara sun fi sittin kafin in samu waɗanda suka dace da juna. Ranar da na gama kafa su a kan ƙashin bayan na ɗaga abin sama, sai ga shi kamar ƙashin babban kifi da aka cinye. Na daɗe ina juya shi a hannu.

Wahalar tana wurin katakon jiki. Na tsaga malaina siri-siri, na goge har sai da ya kusa zama kamar ɓawon rake. Tsakiya yana kwanciya lafiya, amma da na zo lanƙwasa shi wajen hanci sai in ji ƙas. Na karya goma sha ɗaya a yini biyu. Maiɗakina tana jin ƙarar daga tsakar gida, a na sha ɗayan ta leƙo.

"Malam, wai itacen nan laifin me ya yi maka?"

Na nuna mata. Ta ɗauki guda ta lanƙwasa kaɗan ta saki.

"Ai a bushe yake. Ko kaba sai an jiƙa ta take yarda a saƙa. Kawo nan."

Dambu take yi ranar. Ta buɗe madambaci ta cusa bakin katakon ciki, ta rufe da tsumma. Da ta zaro shi bayan ɗan lokaci, sai ya bi hannuna kamar ganye. Na ɗaure shi a jikin haƙarƙarin da zare har ya huce, ya zauna daram. Daga ranar mun ci dambu a gidan nan har na fara mafarkinsa, kuma jirgin ya daɗe yana ƙanshin zogale.

Ƙusa ba ta da ƙanƙantar da nake so, sai na koma ga ƙayar aduwa. In gasa allura a wuta in huda, in tsoma ƙayar cikin gam in tura, in yanke kan da reza. Layi ɗaya yakan ci mini yamma guda. Damina ta sauka ta same ni a kai, aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya yi ciki, ina nan ina huda. Wasu ranakun nakan manta da la'asar sai maiɗakina ta turo mini buta da ƙafa. Da jiki ya rufu na bi tsagogin da auduga da bakin allura. Man kifi dai na ce a yafe mini, na narka kakin zuma na shafe.

Maganar ginshiƙi kuwa dabara na yi, wadda ba na alfahari da ita. Na huda gurbi biyu, na yi wa na bayan ɗan murfi. In zan tafi Karaye in kafa biyu, in zan tafi Aliero in zare ƙaramin in sa aljihu in toshe gurbin. Sau biyu ina tsira. A na uku Gwaggo tana shafa bayan jirgin da yatsa, farcenta ya ɓalle murfin.

"Wanga ramin na mi na?"

Na zaro ƙaramin ginshiƙin daga aljihu na kafa. Na jira faɗa. Ta kawo jirgin kusa da fuskarta, ta daɗe tana duban wurin.

"Nan anka yi muna rumhwa da tabarmi, mu mata," ta ce a hankali. "Akwai wani icce da nika jingina da shi, kwana huɗu. Na ɗauka na rumhwa na." Ta ɗago ta harare ni. "In ka hwaɗa mashi, ba ni ba kai."

Ban faɗa masa ba. Ita da kanta ta karɓi aikin ƙyallen, guda biyu, ba tare da ta sake ta da zancen ba. Ta ciro wani farin saƙi daga ƙasan adakarta, wanda ita ta kaɗa zarensa da daɗewa. Na yanka mata kwali mai kusurwa uku ta bi. Idonta ba ya ganin kafar allura, surukarta ke zura mata zare, amma ɗinkin ya fito ƙanana a jere kamar ƙwayar gero. Baba kuma ya tufka igiyoyin da rama, sirara kamar zaren ɗinki, ya koya mini ƙulli uku da ya ce a hannun matuƙan ya koya. Yatsunsa suna rawa in zai ɗauki kofi, amma a kan igiya ba sa kuskure.

An fara yankan gero na gama. Na shafe shi da man gyaɗa, maɗacin ya yi ja, malainar ta yi ruwan zuma. Na ce zan kai wa Gwaggo ta ajiye. Baba ya ce sam.

"Jirgin da bai taɓa ruwa ba ai kwando na. A kai shi ruwa, kuma ina wurin."

Na je Karaye na ɗauko shi. Ya sa babbar riga fara da ta sha shuni, ya riƙe jirgin a cinyarsa tun daga Maiyama har Jega, daga Jega har Aliero, ya hana yaran mota su taɓa. Duk wanda ya tambaya cikin motar sai ya samu labari tun daga Sawakin. Wani mahauci da ya kamata ya sauka a hanya ya wuce wurin saukarsa don ya ji ƙarshe.

Gwaggo tana bakin ƙofar ɗakinta da muka yi sallama. Suka tsaya suna kallon juna.

"Amarya, haka kika tsuhwa ba ki aiko an hwaɗa mani ba?"

"Wa ya buɗe ma wanga tsohon? Ku ba shi sadaka ya wuce."

Sannan ta kama hannun rigarsa ta fashe da kuka, shi ma ya juya kai yana share ido da bakin rawani. Ba a jima ba aka kawo fura, suka koma faɗa a kan wanda ya fi cin dabino a Jidda.

Bayan la'asar muka nufi wani tafki da ke bayan gari, wanda damina ta cika. Mun fito mu biyar, kafin mu isa mun fi talatin. Har babban ɗan Gwaggo ya biyo mu, mutumin da ba ya barin lissafin irin albasarsa don wasa, wanda tun farko yake ce mini, "Malam, da ƙyaure ka yi mata da ya fi." Na naɗe wando na shiga ruwa zuwa gwiwa, na yi bisimilla na ajiye jirgin. Ya zauna kyakkyawa kamar ƙiftawar ido biyu. Iska ta taɓa ƙyallen, sai ya kwanta a gefe ɗaya kamar jakin da ya gaji. Mutane suka ce, "Ayya!" Na yi sauri na tsamo shi.

Baba yana bakin tafki yana dariya.

"Laihina na! Na mance. Cikinai duwatsu anka jera, ƙarƙashin inda muka kwana. Wohi ba ya tsayuwa bisa ruwa."

Aka bazu neman tsakuwa. Na zazzage ruwan, na matse ƙyallen, Baba ya tsuguna ya jera tsakuwar da kansa a kan ƙashin bayan, yana ɗagawa yana auna nauyin a tafin hannu, ya cire biyu ya ƙara ɗaya. Ya ja wata igiya ya karkata babban ƙyallen. Na ɗauko zare zan ɗaura a bayan jirgin don kada ya tsere, ya buge mini hannu.

"Akuya ta? Sake shi."

Na sake shi. Jirgin ya ɗan yi jim. Sai ƙyallen ya cika, ƙaramin ma ya cika, jirgin ya ɗan karkata ya tsaya a haka, hancin ya fara tsaga ruwa. Har wani ɗan layi yake bari a bayansa. Da ya yi nisan taki goma, sai surukar Gwaggo ta rangaɗa guɗa, wurin ya kaure.

Gwaggo ba ta cikin masu ihu. Tana tsaye da sandarta, leɓɓanta suna motsi, na matsa na ji addu'ar shiga jirgi take karantawa. Da ta shafa sai ta jawo hannun babban ɗanta ta nuna masa bayan jirgin.

"Ka ga nan, gindin ƙaramin iccen? Nan kaz zauna. Watanka biyar, kana bisa cinyata, ka hana kowa kwana."

Mutumin nan mai furfura a gemu ya tsaya baki buɗe. Ya san a hanya aka haife shi, amma bai taɓa sanin ya shiga jirgin ba. Baba, da kunnensa ya buɗe ranar, ya matso.

"Ƙaramin icce kika ce, amarya? Ashe biyu na?"

"Da ɗana nika magana."

Jirgin ya ƙetare tafkin ya nufi inda wani Bafillace ke shayar da shanu. Shanun suka ɗaga kai suka ja da baya. Kafin in zagaya, babban ɗan Gwaggo ya tuɓe takalma ya faɗa ruwa da rigarsa, ya kamo shi ya ɗago sama da hannu biyu, ruwa har ƙirjinsa. Da ya fito bai miƙo mini ba. Ya juya shi ya sake sakinsa ta wancan gefen. Sau shida jirgin yana ƙetare tafkin ranar, sai da aka kira magariba muka tafi.

Baba ya zo da niyyar kwana ɗaya, ya yi huɗu. Jirgin ya zauna a ɗakin Gwaggo bisa wani ɗan katako da na kafa mata a bango, inda take ganinsa daga gado.

Da na koma bayan mako biyu, na ɗauka aiki ya ƙare. Na tarar ta sa an tara mata ɓargon kara cikin faifai.

"Jirgi ba mutane," ta ce. "Mu arba'in da wani abu muka ciki. Zamna."

Na zauna na fiddo reza. Ina feƙe mutane kamar tsawon gaɓar yatsa, tana karɓa tana faɗa mini ko wane ne: wata Babarbariya mai goro, wasu 'yan'uwa biyu daga Gwandu da ba sa magana da juna, mai dafa abinci mai ido ɗaya. Kowa ta san inda ya zauna. Da na miƙa mata mai tuƙin jirgin, ta juya shi ta maido mini.

"Rage mashi ciki. Siriri na, kuma ya hi haka tsawo."